Hankaka da danginsa

Duk yaron da aka taɓa aika mayanka da sassafe ya san hankaka. Kafin mahauta su gama fiɗa, hankaki sun jeru bisa katanga suna jira. Ungulu tana gefe, shirwa tana shawagi sama, amma da an jefar da guntun hanji, sau da yawa hankaka ne ke riga su. Ana ganinsa kasuwa, ana ganinsa juji, ana ganinsa bakin hanyar mota inda aka take wata dabba. Yana cin nama, da fara, da ƙadangare, da hatsi, da gujiya, da ƙwan tsuntsaye. Kusan babu abin da yake rainawa.

Hankakan da aka saba gani Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai baƙi ne, amma ƙirjinsa da wuyansa farare ne, kamar ya sa ƴar shara. Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya ya kusa rabin mita, nauyinsa kamar rabin kilo. Yana da dangi da yawa. A duniya akwai hankaki fiye da iri 40. A arewacin Nijar, cikin hamada, akwai wani babba mai wuya ja-ja, marar farin ƙirji. A duwatsun Abzin akwai wani mai gajeriyar wutsiya. Na Turai da na Amurka yawancinsu baƙaƙe ne ƙirin.

Hausawa sun daɗe suna lura da wannan tsuntsu. In mutum yana da fuska biyu, sai a ce hankaka ne, gabansa fari, bayansa baƙi. Kirarinsa kuwa kowa ya san shi: hankaka mai da ɗan wani naka. Tsofaffi sukan ce wai hankaka ba ya ƙwai, sai dai ya saci na kaza ya kai sheƙarsa, ya mai da ɗan tsako hankaka. Gaskiya ne yana satar ƙwai da ƴan tsaki, amma ci yake yi. Macen hankaka tana yin ƙwanta, uku zuwa shida, masu launin tsanwa-tsanwa da ɗigo-ɗigo. Tana kwanci kwana 18 ko 19. Sheƙar tana can ƙololuwar giginya, ko gawo, ko bisa dogon ƙarfen wayar lantarki, shi ya sa ba kowa ke ganin ƙwan ba. Duk da haka kirarin nan bai faɗi ƙasa ba, kamar yadda za a gani can gaba.

Matsalar farko

Wanda duk yake son sanin zaman hankaki, da wuri zai ci karo da matsala guda. A idon mutum, duk hankaki ɗaya ne. Namiji da mace kamarsu ɗaya. In an ga biyar bisa itace yau, gobe aka ga biyar, wa zai ce su ne na jiya? Wa zai ce wannan uwa ce, wancan ɗa ne? Makiyayi ya san kowace saniya cikin garkensa, shi ya sa ya san wadda ke faɗa da wadda ke ja gaba. Mai bincike ma sai ya san kowane tsuntsu shi kaɗai, in ba haka ba duk abin da ya faɗa zato ne.

Dabarar da aka samo ita ce zobe. Ana kama tsuntsu, a sa masa ƴan zobba masu launi a ƙafa: wannan ja da fari, wancan shuɗi da rawaya. Ana rubuta launin cikin littafi, a sake shi. Daga ranar ya sami suna.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki shi ne Konrad Lorenz, mutumin Ostiriya. Gidansu yana wani ƙauye mai suna Altenberg, bakin kogin Danub, kusa da birnin Biyana. Wajen shekarar 1926, yana ɗalibi, ya sayi wani ɗan tsuntsu a kanti, ƙaramin dangin hankaka ne mai tokar ƙeya. Ya ciyar da shi da hannunsa har ya saba, yana binsa duk inda ya nufa. Daga baya ya tara wasu, ya yi masu wuri cikin rufin gida, ya bar su suna fita suna komowa yadda suka ga dama.

Lorenz ya ga kowane ɗaya ya san matsayinsa. Akwai babba, akwai na biye, har zuwa na ƙarshe wanda kowa ke kora daga abinci. Wata mace tana can ƙasa-ƙasa, kowa yana tsangwamarta. Ran nan babban namiji ya zaɓe ta. Nan da nan matsayinta ya tashi, waɗanda ke korarta jiya suka koma ba ta hanya.

Ya ga wani abu kuma. Ƴaƴan tsuntsun nan ba su san maƙiyi da kansu ba, sai sun ji manya sun yi kukan kashedi. Amma duk wanda suka gani riƙe da baƙin abu yana reto, sai su ɗauka ɗan'uwansu ne aka kama. Wata rana Lorenz ya komo daga wanka a kogi, ya fid da jiƙaƙƙen baƙin wandonsa daga aljihu. Kafin ya ankara, tsuntsayen da ya rena sun taru suna sarar hannunsa. Saboda haka, ranar da zai hau rufi ya sa wa ƙanana zobe, sai ya ɓad da kama. Ya sa kayan wasa na dodo, masu ƙaho da wutsiya, don kada su gane shi su riƙe shi a zuci. Mutanen ƙauye suka tsaya bisa hanya suna kallon dodo bisa rufin gida da rana tsaka. A 1973 Lorenz ya sami lambar Nobel tare da wasu masana biyu, saboda binciken halin dabbobi.

Gida guda, ƴaƴan shekara biyar

A jihar Niyok ta Amurka akwai wani gari mai suna Itaka. A nan Kevin McGowan, na Jami'ar Cornell, ya fara bin hankakin garin a 1988. Daga baya wata malama, Anne Clark, ta shigo aikin tare da ɗalibanta. Aikin ba na raggo ba ne. Hankaka yana sheƙa can sama, wani lokaci fiye da mita 20. McGowan yakan hau da igiya, ya sa ƴaƴan cikin jaka. A auna nauyinsu, a ɗebi ɗigon jini, a sa masu zobba a ƙafa, a maƙala masu ƴar alama mai haruffa biyu a fiffike wadda ake iya karantawa daga nesa da madubin hange. Sa'an nan a mai da su sheƙa. Haka aka yi wa hankaki fiye da 2,000.

Da shekaru suka taru, littafin ya cika, sai ga abin da ido kaɗai ba ya nunawa. Hankakin da ake gani tare a unguwa guda ba taron haɗuwa ba ne. Iyali ne. Namiji da mace sukan zauna tare shekara da shekaru, galibi sai mutuwa ta raba. Suna da yankinsu, suna tsare shi rani da damina. Ƴaƴansu kuwa ba su saurin barin gida. Hankakan Amurka ba ya aure kafin shekara 2, da yawa ma sai sun kai 4 ko fiye. Kafin nan suna gidan iyaye suna taimako. Suna kawo kirare a gina sheƙa. Suna kai wa uwa abinci tana kwanci. In ƙannensu sun ƙyanƙyashe, su ma suna ɗura masu. Wani yana tsaye bisa reshe yana gadi, da ya hango shaho ko mujiya sai ya yi kuwwa, duk gidan su taru su kore shi. An sami gidan da ya kai tsuntsu 15, cikinsa da ƴaƴan shekara biyar dabam-dabam. Wanda ya tashi cikin babban gida, inda yaya ke goyon ƙane, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wasu ƴaƴan sukan tafi su daɗe, su komo. Wasu sukan kafa gidansu kusa da na iyaye. Gwajin jini kuma ya nuna cewa ba kullum ne mai gidan ke zama uban duk ƴaƴan da ke cikin sheƙa ba.

Da hunturu al'amarin yakan sake. Da rana kowane iyali yana yankinsa. Da yamma sai su tashi, su yi tafiyar kilomita da yawa zuwa makwanci guda, inda dubban hankaki ke kwana bisa itatuwa. Da asuba kowa ya koma gida. Hankakin Afirka ma suna taruwa makwanci da magariba.

A 1999 wata cuta ta ɓulla birnin Niyok. Sunanta cutar Yammacin Nilu, don a wani yanki na Uganda mai wannan suna aka fara gano ta, a 1937. Sauro ne ke ɗaukarta daga tsuntsu zuwa tsuntsu, wani lokaci har zuwa doki ko mutum. Hankakan Amurka bai taɓa gamuwa da ita ba, jikinsa bai san yadda zai yi da ita ba. In ta kama shi, da wuya ya wuce mako guda. A 2002 da 2003 ta kashe fiye da kashi ɗaya cikin uku na hankakin da McGowan da Clark suka sani a Itaka. Ga wani, adadi ne kawai. Su kuwa sun san kowane ɗaya: wannan uwa ce, wancan yaya ne da ke ciyar da ƙanne, wancan kaka ne da suka sa wa zobe tun yana cikin sheƙa. Saboda littafin da suka cika tun kafin cutar, sun iya faɗin gidan da ya rasa uba, da gidan da ya rasa mataimaka, da abin da ya biyo baya.

Aikin ya jawo wa McGowan baƙin jini. Hankakin Itaka sun san shi ne mai hawa sheƙa. Da sun hango shi sai kuwwa, har waɗanda bai taɓa zuwa gidansu ba. Da abin ya ishe shi, sai ya shiga jefa masu gujiya. A hankali wasu suka sauko. Suka koma bin motarsa suna roƙo.

Me ya sa suke kiran juna ga mushe?

Akwai wani babban hankaka na ƙasashen sanyi, ya fi na Nijar girma ninki biyu. A 1984, cikin dajin jihar Men ta Amurka, wani masani mai suna Bernd Heinrich ya tarad da taronsu bisa mushen wata babbar dabbar daji. Suna ci suna kuwwa, wasu suna ta zuwa. Abin ya ɗaure masa kai. Lokacin sanyi ne, ƙanƙara ta kusa rufe ƙasa, abinci ya yi wuya. Wanda ya tsinci nama mai yawa haka, ai shiru ya kamata ya yi. Don me zai tara wa kansa abokan ci? Kirki ne?

Heinrich ya yi hunturu bayan hunturu yana neman amsa. Yakan sami mushen shanu da maruƙa, ya ja su cikin ƙanƙara zuwa daji, ya ɓuya cikin ƴar bukka tun kafin gari ya waye, sanyi yana cinsa, yana ƙirga masu zuwa. Daga 1988 wani saurayin masani, John Marzluff, da matarsa Colleen suka zo taya shi. Suka kama hankaki da yawa suka sa masu alama.

Sai amsa ta fito. Kowane yanki na dajin yana da masu shi, manya biyu, miji da mata. Su in sun sami mushe, shiru suke yi. Masu kuwwar samari ne da ba su yi aure ba, ba su da yanki, suna yawo. In saurayi guda ya zo, masu wurin su kore shi. To, sai ya yi kuwwa, ko ya tafi makwancin samari ya kwana. Da asuba ya tashi, sauran su bi shi. In sun zo su talatin ko arba'in, manya biyu ba su iya tsare naman, dole su bari. Masu binciken sun gwada abin: suka tsare wasu cikin keji, suka nuna masu inda nama yake, suka sake su kusa da makwanci. Da gari ya waye, ga su sun jawo ayari. Ashe wanda ya kira ƴan'uwansa, cikinsa ya yi wa aiki. In bai kira ba, ko loma ba zai samu ba.

Fuskar roba

Marzluff ya koma Jami'ar Washington, a birnin Siyatil. Shi ma ya lura hankakin da ya taɓa kamawa sun fi yi masa kuwwa. Amma da me suke gane shi? Da fuska? Da tufafi? Da tafiya? Zato ba ya isa, sai an gwada.

A 2006 ya sayo fuskokin roba irin waɗanda ake sawa don wasa. Ɗaya mummuna ce, ta mutumin kogo mai ƙaton goshi. Ita aka sa aka kama hankaki 7 da raga a harabar jami'a, aka sa masu zobe, aka sake su. Ɗayar fuskar Dick Cheney ce, mataimakin shugaban Amurka na lokacin. Da ita ba a taɓa ko tsuntsu guda ba. An ajiye ta ne don kwatanci. In ba a yi haka ba, wani zai ce ai kowace fuskar roba ma tsoronta suke ji.

Bayan kwanaki, aka sa mutane su zagaya harabar, wani da wannan fuska, wani da waccan. Dogo ya sa, gajere ya sa, mace ta sa, namiji ya sa. Ba su yin kome, tafiya kawai suke, suna ƙirga hankakin da suka gani da waɗanda suka yi kuwwa. Mai fuskar Cheney ya wuce kusan ba wanda ya kula shi. Mai fuskar kogo kuwa, ko wane ne, hankaki su bi shi suna zagi, wasu har su kawo masa sura. Da aka sa fuskar a kife, haɓa sama goshi ƙasa, an ga wasu suna karkata kai don su dube ta daidai. Don kada a ce munin fuskar ne, aka sāke gwajin a wasu unguwanni da fuskokin da aka kwaikwaya daga na mutane talakawa. Sakamakon bai sake ba.

Abin da ya fi ba da mamaki ya zo daga baya. Bakwai aka kama. Amma masu kuwwa sai ƙaruwa suke. Wata rana Marzluff ya sa fuskar ya zagaya, ya gamu da hankaki 53, sai 47 suka yi masa ca. Mafi yawansu ba su da zobe, ba a taɓa kama su ba. Wasu ma ba a ƙyanƙyashe su ba sa'ad da abin ya faru. Ta yaya suka sani? Sun gani. In hankaka guda ya fara kuwwa, maƙwabta su taru, su dubi wanda ake zagi, su riƙe fuskar. Ƙanana kuma suna koya wurin iyaye: ɗan da ya ga uwarsa tana zagin fuskar, in ya gamu da ita shi kaɗai daga baya, shi ma ya zage ta. Cikin shekara biyar labarin ya bazu fiye da kilomita guda daga inda aka yi kamun. Shekara bayan shekara Marzluff yana fid da fuskar yana zagayawa. Sai a 2023, bayan shekara 17, ya yi zagayen da ko hankaka guda bai tanka masa ba.

A 2012 shi da abokan aikinsa suka leƙa cikin kan tsuntsun. Suka kama 12 da fuska guda, suka ciyar da su mako huɗu da wata fuskar dabam. Sa'an nan suka nuna wa kowane ɗaya fuska, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar asibiti. Fuskar mai kamu ta motsa sashen tsoro. Fuskar mai ciyarwa ta motsa wani sashen dabam, na sa ran abinci. Da aka gama, aka mai da su inda aka kamo su.

Taron gawa

Cikin Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, hankaka ne ya tona ƙasa ya nuna wa Ƙabila yadda zai rufe gawar ɗan'uwansa Habila. Mutane a ƙasashe da yawa sun lura cewa in hankaka ya mutu, sauran sukan taru kansa. Na farko ya yi kuwwa, wasu su zo, su cika itatuwa, su yi ta kuka, can kuma su watse. Wasu suna kiran abin jana'iza.

Kaeli Swift, ɗalibar Marzluff, ta so ta san amfanin taron. Takan zaɓi wuri ta riƙa zuba abinci har hankaki su saba. Ran nan sai wani ya zo da fuskar roba, ya tsaya rabin awa yana riƙe da gawar hankaka bisa tafin hannu. Nan da nan wuri ya rikice da kuwwa. Kwanakin da suka biyo, abincin yana nan, amma hankaki sai sun daɗe suna dubawa kafin su sauka. Mai fuskar kuwa, ko ya komo hannu wofi, suna zaginsa har mako shida. Da aka riƙe gawar tantabara, ba su damu sosai ba. Su tantabaru kuma, ko gawar ƴar'uwarsu aka riƙe gabansu, tsintar hatsinsu kawai suke. An wallafa wannan bincike a 2015.

Gwajin bai auna baƙin ciki ba, don baƙin ciki ba shi da mudu. Abin da ya auna shi ne koyo. Hankaki suna zuwa su ga wurin da aka mutu, su ga wanda ke kusa da gawar, su kiyaye duka biyun.

Ɗan wani cikin sheƙa

A yawancin Turai, baƙin hankaka yana zama daga shi sai matarsa, ƴaƴa su watse da sun iya ci da kansu. Amma a arewacin Ispaniya, kusa da garin Leyon, irin wannan hankaka yana zaman babban gida, har tsuntsu tara. Vittorio Baglione da Daniela Canestrari suka tambayi kansu: a jini abin yake, ko a reno? Sai suka ɗauko ƙwai daga ƙasar Suwis, inda ba a zaman babban gida, suka sa cikin sheƙunan Ispaniya. Hankakin Ispaniya suka ƙyanƙyashe su, suka rene su. Cikin shida da suka girma, biyar suka zauna gida kamar ƴaƴan wurin, biyu daga cikinsu har suka taya renon ƙanne da shekara ta kewayo. An ba da wannan labari a 2002. A nan dai hankaka ya mai da ɗan wani nasa, har ya koya masa halin gidan.

Akwai kuma wanda ke yi wa hankaka wannan aiki ba da saninsa ba. Wani tsuntsu ne mai doguwar wutsiya, da tukku mai launin toka, da fararen ɗigo a fukafukai. Turawa suna kiran danginsa kuku. Ba ya sheƙa, ba ya kwanci, ba ya reno. Macen takan faki idon hankaka, ta faɗa sheƙarsa ta yi ƙwai, ta gudu. Ƙwan ya yi kama da na hankaka, sai dai ya fi ƙanƙanta, kuma yana riga ƙyanƙyashewa. Hankaka ya yi ta ɗura wa baƙo abinci har ya yi fiffike. A Afirka, hankaka mai farin ƙirji yana cikin waɗanda tsuntsun nan ya fi yi wa haka. Wasu masu bincike biyu, Mundy da Cook, sun bi sheƙunan hankaki a ƙasar Sakkwato, sun sami ƙwai da ƴaƴan kuku a ciki, suka wallafa abin da suka gani a 1977. Mafarauci ko mai hawan giginya da ya leƙa sheƙar hankaka ya ga ɗan da bai yi kama da hankaka ba, idonsa bai yi masa ƙarya ba. Kuskuren guda ne: ba hankaka ne ya sato ɗan ba, kawo masa aka yi.

An daɗe ana ɗauka hasara ce zalla ga mai sheƙa. Canestrari da Baglione suka bi sheƙunan Leyon shekara 16, suka ga ba haka abin yake ba kullum. Ɗan kukun nan ba ya tura ƴaƴan gida waje, tare suke girma. Yana rage masu abinci, gaskiya ne, shi ya sa sheƙar da yake ciki takan fid da ƴaƴan hankaka kaɗan. Amma in an taɓa shi, sai ya fid da wani baƙin ruwa mai ɗoyi ƙwarai. Masu binciken suka shafa ruwan bisa nama suka ba kyanwoyi da shahuna, yawancinsu suka ƙi ci. A shekarar da maɓarnata suka yi yawa, sheƙar da ke da baƙo ta fi tsira, ɗoyinsa ya kare ƴaƴan gida. A shekarar da maɓarnata suka yi kaɗan, baƙon ya zama nauyi kawai. An wallafa wannan a 2014.

Tambayoyi

1. Don me mai bincike yake sa wa tsuntsu zobe?
2. Mene ne amfanin fuskar Cheney, tun da ba a kama kowa da ita ba?
3. Hankaki 7 aka kama, amma 47 suka yi kuwwa. Ta wace hanya sauran suka sani?
4. Wane ɓangare na kirarin hankaka ne gaskiya, wane ne kuskure?

Aiki

Ku nemi inda hankakin garinku suke kwana. Ku je can kwana uku a jere kafin magariba. Ku rubuta lokacin da na farko ya iso, da gefen da suke fitowa, da yawansu. Ku lura ko ɗai-ɗai suke zuwa, ko bibbiyu, ko ƙungiya-ƙungiya. Kada kowa ya tafi da danƙo.